Bashi Kangwa da Wayar Matarsa

A unguwar ma'aikatan reluwe ta Kabwe, in aka ce mai littattafai to Lameck Nkonde ake nufi, wanda kowa ke kira Bashi Kangwa, wato baban Kangwa, saboda 'yarsa ta fari. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana duba tikiti a jirgin ƙasa mai zuwa Livingstone, kuma a wannan doguwar hanya karatu ya shiga jininsa. In fasinja ya manta littafi a kujera, ya zama nasa ke nan. Sauran kuwa a bakin kasuwa yake tsinto su, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai kusa da 'yan gwanjo.

Yana da dabararsa ta sanin abin da ya karanta. Duk littafin da ya gama, sai ya mayar da shi kan kantar littattafai a juye, kai a ƙasa. Baƙo yakan ɗauka yara ne suka yi ɓarna, har ya miƙa hannu zai gyara, sai maigidan ya tare shi da bayanin da ba ya ƙarewa sai shayi ya huce. Mutumin akwai ji da kai, ba a musu, amma karatun ya yi shi.

Bayan ya fara cin fansho ciwon suga ya taɓa masa ido. Yana ganin hanya, yana gane fuska, amma rubutu ya zama masa kamar jerin tururuwa. Daga nan aikin ya faɗa kan matarsa Febby, wato Bana Kangwa, mai ɗinkin kayan 'yan makaranta. Kullum bayan an ci nshima, tuwon masararsu, da rana sai ta rufe keke, su zauna gindin mangwaro, ta karanta masa. Shi yake zaɓar littafi, shi yake tsayar da ita ya faɗa mata abin da marubucin yake nufi, shi kuma yake laluba kanta ya juya littafin in an gama. A waje cewa yake yi "na karanta", kuma ba ta taɓa gyara masa ba. Akwai wani ƙaton tarihin yadda aka shimfiɗa layin dogo, wanda ya fi ƙauna a duniya, ya sa ta maimaita masa shi har bangon ya fita.

Da Kangwa ta zo hutu daga Lusaka, sai ta kawo wa uwarta waya, ta zuba mata manhajojin da ake ajiye sunayen littattafan da mutum ya karanta. Ɗaya tana shan data kamar rariya, ɗaya kuma kullum sai ta yi mata tuni kamar uwar miji, duk Bana Kangwa ta sa aka cire su. Ta riƙe wadda ake ba littafi taurari, a rubuta ra'ayi, abokai su gani. Bashi Kangwa ya yi dariya ya ce wasan yara ne, wanda ya yi karatun gaske ba ya buƙatar waya ta shaide shi.

Abin bai dame shi ba sai wata Lahadi da aka tashi daga coci. Siame ne ya tare shi, tsohon malamin makaranta da matarsa ta rasu, wanda tun suna samari suke ja-in-ja a kan wa ya fi wani sani.

"Nkonde, matar nan taka ba ta da tausayi ko kaɗan," in ji shi yana dariya. "Tauraro ɗaya tak ta ba littafinka na layin dogo. Wai karanta shi kamar taunar ɗanyen rogo ne. Ni fa yanzu abin da ta yaba shi nake nema, ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ya ci gaba da lissafo masa labaran da ta gama a 'yan watannin nan, na wata ungozoma, na wasu 'yan'uwa masu rigimar gona, abubuwan da Bashi Kangwa bai taɓa jin ko sunansu a gidansa ba. Ya yi yaƙe, ya ce ai ya sani, shi ne ma yake ba ta shawara. Siame ya gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba.

Tauraron bai yi masa ciwo ba kamar bakin da ya ji labarin. Matar da suka tsufa tare ashe tana da ra'ayi a kan littafi, ra'ayi mai kaifi har da ban dariya, kuma Siame ne ya sani, shi da wasu baƙi a Ndola da Nairobi da ba su taɓa shan ko ruwan gidansa ba. Kishi ya turnuƙe shi, irin wanda bai yi ba ko lokacin da samari ke layi a ƙofar gidan iyayenta.

Sai ya koma kasa kunne. A da in keke ya yi shiru da safe yakan ɗauka yanka take yi, yanzu ya gane karatu ne. Yakan ji ta yi 'yar dariya ita kaɗai, wayar ta yi ƙara, ta sake wata dariyar, shi kuwa yana falo yana cika yana batsewa. Ya fara tsegumin kuɗin wuta, ya fara aikenta neman tabaron da ke aljihunsa. Har ya kira Kangwa ya ce a sa masa manhajar shi ma, sai ya tuna matar tasa ce za ta riƙa shigar masa da littattafan, ya ce a bari kawai.

Ran nan a gindin mangwaro ta buɗe littafin da ya zaɓa, ya sa hannu ya rufe shi. Ya tambaye ta ko gaskiya ne zancen ɗanyen rogo. Ba ta ɓoye ba, ta ce gaskiya ne, tun karon farko littafin yake sa ta hamma.

"To me ya hana ki faɗa mini, sai ki faɗa wa Siame?"

"Ban faɗa wa Siame ba, Bashi Kangwa. Wayar ce ta tambaye ni yaya na ga littafin. Kai ba ka taɓa tambayata ba."

Ba da zafi ta faɗa ba. Ya dubi fuskarta. Can ya ce, da muryar da yake ba fasinja umurni, yau nata za a karanta, ta ɗauko wanda take kai.

Ta shiga ta ɗauko. Ta ce amma fa ta wuce rabi, kuma an kai wuri mai daɗi, ba za ta iya komawa farko ba. Ya ce ta ci gaba daga inda take, wane labari ne zai gagare shi.

Ta fara. Muryarta ce, amma bai taɓa jin ta haka ba, tana sauri, tana canza harshe ga kowane mutum, tana jan numfashi kafin a buɗe wata ƙofa. Sunaye suna ta wucewa, bai san wace ce uwa ba, bai san wa ya ci amanar wa ba. A wani wuri ta tuntsire da dariya har ta dafa gwiwarsa, ta share hawaye, ta ɗora. Da Siame ne, da ya san abin da ya ba ta dariya. Bashi Kangwa ya buɗe baki zai tsayar da ita kamar yadda ya saba, sai ya ga ba shi da bayanin da zai yi, tambaya kawai gare shi. Ya haɗiye ta, ya gyara zama, ya ci gaba da sauraro.