Farashin Jaki a Littattafan Maigidana

Ni ban shiga makaranta ba. 'Yata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na ce idan na yi kuka ta ajiye biro ta jira ni.

Maigidana ya yi aikin jirgin ƙasa a Kafanchan har ya yi ritaya. Ni kuma citta da acca nake sayarwa a kasuwa. Wata rana ya dawo da tsofaffin littattafai uku na Turanci da ya tsinta wajen mai gwanjon littattafai: ɗaya mai jan bango, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya kuma bangonsa ya yage. Ya ce na wasa ne. Na ce, tsoho da kai, wasa?

Haka wasan yake. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran su zama jarumai masu shiga kogo neman dukiya. Idan za a yi faɗa da dodo sai a jefa ɗan lido a ga wanda ya ci. Ran Lahadi bayan sujada abokansa biyu sukan zo, tsohon hedimasta da wani tsohon direba, su zauna gindin mangwaro har la'asar. Amma kafin jarumi ya kama hanya dole ya yi sayayya, kuma kowane littafi yana da shafin kaya da farashi: igiya, fitila, mai, takobi, guzuri, jaki. Kuɗinsu zinariya ne da azurfa da tagulla. Nan ne na shigo.

Ina tsintar acca sai ya ɗago kai. “Maman yara, saurara. A mai jan bango fitila zinariya goma. A wannan kuma akuya zinariya ɗaya.”

Na ce, “Akuya goma a kan fitila ɗaya? Fitilar tana haihuwa ne?”

Direba ya yi dariya har ya ƙware. Daga ranar ba sa buɗe shafin nan sai sun kira ni. Su karanta, ni in yanke hukunci. Littafin ruwan ƙasa yana sayar da jaki da araha kamar mai gudun gari, amma igiyarsa tsada. Mai yagaggen bango shi kaɗai ya san darajar abinci, shi ma ya manta da gishiri. Na ce musu wanda ya rubuta mai jan bango bai taɓa zuwa kasuwa da kuɗinsa ba, aike yake yi.

Sai na kama su suna wayo. Hedimasta zai sayi jaki a littafi ɗaya, igiya a wani, mai a na uku, duk inda ya fi sauƙi. Na ce, “Malam, tsaya. Ka sayi jaki a Manchok, igiya a Kagoma, mai a Kafanchan, duk kafin azahar? Wa ya biya maka kuɗin mashin?” Ya ce babu mashin a ƙasar dodanni. Na ce to ya taka da ƙafa, ya ci guzurinsa a hanya. Maigidana ya buga tebur ya ce doka ta zauna. Hedimasta ya yi sati biyu yana kirana 'yar haraji.

Ubangiji ya kira maigidana bara da damina. Har yau idan Lahadi ta yi, ba na iya kallon gindin mangwaron nan.

Mako ɗaya bayan jana'iza, matan zumunta na cocinmu suka zo taya ni gyara ɗakinsa. Shugabarmu, mace mai kirki da tsoron Allah, ita ta jawo littattafan daga ƙarƙashin katifa. Ta ga hoton wata dabba mai fukafukai tana fitar da wuta ta baki, ta sake su ƙasa.

“Jinin Yesu! Mama, kin san da wannan a gidanki?”

Kafin in buɗe baki wata ta ce kayan ƙungiyar asiri ne, wata ta tafi kicin ɗauko ashana. Na ce wasa ne, suka dube ni da tausayi, wai ba na karatu, ya ɓoye mini. Na zauna a kan littattafan ina kuka. Rigunansa an riga an raba wa 'yan'uwa, ban ce komai ba. Waɗannan ne kawai abin da muka yi dariya a kansa tare, ni da shi.

Fasto yana tsakar gida wajen masu ta'aziyya. Na ce a kira shi. Ban iya karatu ba, amma na san shafin farashin, domin akwai tabon manja a gefensa, daga yatsana. Na buɗe na miƙa masa.

“Baba fasto, karanta musu da Hausa. Kada ka tsallake ko ɗaya.”

Ya gyara tabarau. “Igiya, zinariya ɗaya. Buhu, azurfa biyu. Tafarnuwa, zinariya biyar.”

Sai shugaba ta ce, “Tafarnuwa nawa?”

“Biyar.”

“Kwando ko mudu?”

“Ƙulli ɗaya, Mama.”

“Ɓarayi!” in ji ta. “Ta fi igiya sau biyar?”

Na ce ta jira ta ji jaki. Fasto ya buɗe na ruwan ƙasa ya karanta. Mai ashana ta ce a wannan farashi ita biyu za ta saya. Wata ta ce jakin ba shi da lafiya, shi ya sa. Ina share hawaye ina dariya, hanci duk ya jiƙe. Fasto ya juya shafuka ya duba gaba da baya, ya ce shi dai tatsuniya ya gani da kasuwa, a bar wa Mama kayanta.

Shugaba ta kwance ɗankwalinta ta naɗe littattafan, ta sa hoton dabbar ya kalli ƙasa, ta ɗora mini a cinya. Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

“Baba fasto, tukunya fa? Nawa suka sa ta?”