Muryar da na sa aka kashe wa Malam

Ranar mu uku ne a ɗakin Malam, mijina: ni, da 'yata ta biyu da ta zo ganin gida, da mijinta mai shagon gyaran kwamfuta a nan cikin Kazaure. Mai ɗakin ne kaɗai ba ya nan, ya tafi Babura ta'aziyyar wani amininsa. Ni ban taɓa shiga aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. Amma a lokacin gani nake babu abin da zai motsa a gidan nan ban sani ba. In an taɓa buhun gero na sani, in an shigo zaure daga taku nake gane ko waye. Tsorona ake ji, ni kuwa na ɗauka shi ne iya riƙon gida.

Malam ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, daga baya tsofaffin abokan aikinsa suka naɗa shi magatakardan ƙungiyarsu ta 'yan fansho. Shi ke rubuta musu takardu, har daga Roni da Gwiwa ake zuwa wajensa. Wannan aiki shi ya rage masa, shi ke sa ya yi wanka da hantsi ya sa babbar riga. A kan wata tsohuwar kwamfuta yake yi, da abin sauraro a kunne, ni kuma na ɗauka tafsiri yake ji. Kwamfutar ta yi nauyi, kafin ta gama tashi shayi ya huce, wani lokaci tana tashi ana ɗauke wuta. Kullum sai ya yi mita, amma in na ce a kai wa surukinmu sai ya ce a bar ta haka. Na zaci kunyar suruki ce kawai, shi ya sa da ya yi tafiya na ce dama ta samu.

Surukin ya zauna kan tabarma ya buɗe ta, ina daga bakin ƙofa, yawancin maganar ta bakin 'yata take bi. Ya ce ba lalacewa ta yi ba, wasu abubuwa ne ke tashi da kansu da zarar an kunna ta, su yi ta aiki a ɓoye suna cinye mata ƙarfi, in an kashe waɗanda ba a buƙata za ta saki jiki. Na ce ni a gidana ba a aiki a ɓoye, ya kashe su duka. Ya yi dariya ya ce Hajiya ai ba a kashe duka, wasu in an taɓa su ba za ta ƙara tashi ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na injin buga takarda ya bar shi, na wasanni ya kashe. Sai ya tsaya a kan guda biyu, ya ce ɗaya yana karanta rubutu da murya, ɗayan yana ƙara wa rubutu girma, masu matsalar ido ake sa wa, gara a jira Baba ya dawo a tambaye shi. 'Yata ma ta ce a jira. Na daka mata tsawa, na ce tun kafin a haife ta nake tare da mutumin nan, in idonsa na ciwo ni zan fara sani. Na ce babu makaho a gidan nan, a kashe. Ya kashe, don ba zai yi musu da surukarsa ba.

Da Malam ya dawo na nuna masa da alfahari. Ya kunna, nan take ta tashi. Ya sa abin sauraron a kunne, ya saurara, ya danna nan ya danna can, sannan ya cire ya ajiye, ya ce Allah ya yi wa yaran albarka. Daga ranar aiki ya tsaya. Dattawa su biya kuɗin mota su zo, ya ce su dawo wani mako, su dawo ya sake ɗaga musu. Ni kuwa na buɗe masa wuta, na ce da mita kake tana nauyi, yanzu an gyara ka koma lalaci. Har a gaban baƙi na faɗa. Da abin ya ishi mutanen, suka ba wani aikin. Malam ya ninke babbar riga ya sa a akwati.

Wata rana bayan la'asar na kai masa fura, na same shi hancinsa na kusan taɓa gilashin kwamfutar. Haushi ya hana ni magana, na miƙa masa kwanon ta gefe na tsaya. Na daɗe a tsaye, hannuna har ya gaji, bai karɓa ba. Ba fushi yake ba, bai gan ni ba ne. Da na kira shi ya zabura, ya miƙa hannu inda babu kwano. Nan ya gaya mini. Ya ce idon ya daɗe yana tafiya, likita ya ce sai dai a rage masa gudu, ba ya dawowa. Ɗan wani abokinsa ne ya sa masa muryar kafin aiki ya kai shi kudu, ita ke karanta masa duk abin da ya rubuta. Na ce don Allah me ya hana ka faɗa mini? Ya ce ya san ni. In na sani, masallaci ma ba zan bar shi ya je shi kaɗai ba, kuma kafin Juma'a kowa ya ji. Ya ce ya fi son a ce masa malalaci da a fara jan hannunsa.

Aikin bai dawo masa ba har Allah ya karɓi ransa. Ni da nake ƙirga ƙwayar gero, ban ga mijina yana laluben takalminsa ba. Ina jan kunnen duk wanda za a gyara wa irin wannan na'ura: abin da ba ka san amfaninsa ba, kada ka ce ba shi da amfani, jira mai ita ya zo. Mata irina kuma, in tsoronki ya yi yawa a gida, abin da ya fi zafi shi za a ɓoye miki.

Washegarin ranar da ya gaya mini, da safe na naɗe kwamfutar a zane, na hau adaidaita, abin da ban taɓa yi ba, na je shagon suruki da ƙafata. Ya miƙe a rikice yana gaisuwa. Na ce ya mayar da abubuwa biyun nan. Ya dube ni ya ce ko idon Baba ne? Na ce idon Baba lafiya lau, ni ce ban iya karatu ba, nake son ta riƙa karanta mini.