Motar Da Ta Ƙi Turi

Maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne, amma sai da furfura ta cika masa gemu kafin ya tada motarsa da makulli. Tun da ya rasu, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya yabi haƙurinsa da riƙon sallarsa, ni kuwa in yi ta kuka. Haƙurin nasa ne. Sallar kuwa, sai na faɗi yadda aka yi ya same ta.

Motar tsohuwar akori-kura ce mai rufin tamfol, irin wadda muke ce wa bashe. Da ita yake kwaso albasa da shinkafa daga Madekali zuwa kasuwar Malanbil. Batirinta ya mutu tun kafin a canja wa ƙasa suna daga Dahome zuwa Benin, kuma bai ga dalilin sayen wani ba, tunda ƙofar gidanmu gangare ce. Kowace safiya bayan sallar asuba mutanen unguwa za su taru su dafa bayanta. Shi yana ciki, ya taka ambirayaj da ƙafar hagu, wato abin da ake takawa kafin a canja bitesi, giyar mota ke nan. In ta ɗauki gudu sai ya saki, ta yi tari, ta tashi. Doka ɗaya ce: wanda ya tura ya biya kuɗin mota. Har wata maƙwabciyarmu mai sayar da banda, wadda ba ta taɓa sa ƙarfi ba, yatsu biyu take ɗorawa tana nishi, ta hau da kwandonta.

A zamanin da soja suka karɓi mulki suka mai da kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, buhun shinkafa ya zame daga saman kaya ya faɗa masa a gwiwar hagu. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta warke amma ta ƙi lanƙwasa. Tafiya yana yi da sanda. Taka ambirayaj ne ya gagara. Ya zauna a zaure yana kallon motar, abinci ma sai na yi da gaske. Ƙanensa ya fara zancen a sayar da ita a buɗe masa tebur na goro.

Maigidana ya ce mini, "Uwar gida, ni da tebur? In zauna ina korar ƙuda?"

Na san in aka raba shi da sitiyari ba zai daɗe ba.

Sai ga wani makanike Bazabarme, mutumin Gaya, mai gareji kusa da duwan, wato ofishin kwastan. Ya ce akwai motar wani Bature mai aikin gonar shinkafa da ta buge wani bijimi a hanyar Gene, gabanta ya lalace amma cikinta lafiya lau. Ita ba ta da abin takawa na hagu, da kanta take canja bitesi, ana ce mata otomatik. Injinta kuma ɗan gida ɗaya ne da namu.

Maigidana ya ce, "In ita ka canzawa da kanta, ni mi zan yi ciki?"

Makaniken ya ce, "Kai ka riƙe sitiyari, ka gaida jandarma masu tsaron hanya."

Aka tura motarmu gareji don a sa mata kayan bitesin ta Baturen. Ta yi kusan rani guda a can, hanjinta a waje. Aka yanke nan, aka yi walda can, aka gajarta ƙarfen da ke juya ƙafafun baya. Kullum maigidana yana can zaune kan tsohuwar taya kamar mai jinyar uwarsa. Ranar da aka gama, makaniken ya jona mata batirin garejinsa da waya, ta tashi, ya cire wayarsa. Maigidana ya shigo unguwa da la'asar, ƙafar hagu a miƙe, yana ta danna oda. Mata suka yi guɗa. Ya kashe ta a kan gangare kamar kullum, ya ci tuwo har da ƙari.

Da safe jama'a suka taru fiye da na kowace rana. Suka dafa, suka yi bisimilla, suka tura. Ko motsi. Ashe ya bar sandar bitesin a wurin da ke kulle ƙafafu. Mai banda ta janye yatsunta ta ce, "Ni na faɗi, kayan Nasara ba su son hannun talaka." Da ƙyar ya tuno abin da aka nuna masa, ya matsa sandar, mota ta gangara. Ta gangara shiru kamar kwalekwale. Ƙafarsa ta hagu ta yi ta neman abin saki, babu. Suka tura ta har bakin kasuwa, suka juyo, suka hau da ita gangaren, suka sake. Wani masunci ya ce ko a gwada ta baya, tunda an juya mata hanji. Aka gwada. Har wani jandarma ya ajiye hularsa ya sa kafaɗa yana cewa, "Kamarad, haɗin kai!" Rana ta take, albasar mutane tana jira a Madekali.

Aka kira makaniken. Ya zo yana sakace, ya ce, "Wa ya ce ku tura ta? Wagga ba a tura ta. Batir taka so."

Maigidana ya ce, "Don mi ba ka faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Ƙafa ka kawo mini, na gyara ƙafa."

Batir kuwa a lokacin sai an yi saƙo Kwatano ko Dosso, a yi ta jira. Maigidana ya koma zaure, ƙanensa ya dawo da zancen goro. Ni ce ina kwance da asuba na ji ladan yana kiran salla, lasifikar tana shaƙewa kamar zakara mai mura. Na tuna cewa da batirin mota take aiki, kuma kullum ladan yana ƙorafin wahalar kai shi caji. Na aika wa matarsa da tuwon shinkafa da miyar kifi, na bi bayan kwanon.

Aka daidaita a gaban liman. Bayan asuba batir na mota ne, ta yini tana cika shi a hanya. Azahar da la'asar ladan ya yi da maƙogwaronsa. Amma kafin magariba dole batir ya dawo masallaci. Ladan ya ce, "Direba, in rana ta faɗi ba ka iso ba, alhakin unguwa duka bisa wuyanka."

Mutumin da a da sai ya kwana a ƙauyen Tumbutu wurin hira, in yi ta ɗumama tuwo, ya zama kullum kafin faɗuwar rana yana ƙofar masallaci, rungume da batir kamar jariri. Tunda ya riga ya zo, kunya ba ta barinsa ya fita. Haka ya zama ɗan sahun gaba. Ko da batirin kansa ya iso daga baya, ladan ya ƙi a warware, wai bai taɓa samun caji mai kyau irin wannan ba.

Masu turi kuma ba su yarda an kashe musu hanyar hawa ba. Kowace safiya sai su dafa su yi nishi, shi kuma ya bari ta ɗan gangara, sannan ya murɗa makulli, ya leƙo ya ce, "Sannunku da ƙoƙari!"

Ya yi tuƙi har shekarar da idonsa ya gaza, bai taɓa zama bayan tebur ba. Motar tana nan ƙofar gida, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kajina na ƙwai a mazauninsa. Yara sun ce a sayar wa masu tsohon ƙarfe, na ce sai bayan raina. Yanzu masallaci da lantarki yake aiki. Amma in aka kira magariba, har yau sai na ɗauko kwano biyu, sannan in mayar da ɗaya.