Tsohuwar da Ta Tsaya a Ƙofar Ɗakin Taronmu

Har yau in na shaƙi ƙamshin man shanu sabo, sai ya mayar da ni wani yammaci da ba na jin zan manta shi har ƙasa ta rufe idona.

Mahaifina yana da filin biki a gefen garin Kazaure, daga inda ake hango duwatsu da ruwan dam. Da can fili ne kawai da bishiyoyin mangwaro. A kafa rumfa, a shimfiɗa tabarmi, mata su yi wuninsu, wanda ya ji kalangu ya shigo, ba a tambayar kowa wa ya gayyace shi. A nan na tashi, ina tsintar 'ya'yan mangwaro ina kallon amare kamar taurari.

Sai zamani ya juya. 'Yan mata suka daina son rumfa, kowa sai ɗakin taro mai sanyi da fitilu da masu ɗaukar hoto, aka koma kwasar biki ana kaiwa Kano. Filinmu ya zama wurin kiwon awaki. Baba ya daɗe yana kallon wannan abu, rannan ya ce, "In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya." Aka sare bishiyoyin, aka tayar da gini mai gilasai, aka shimfiɗa tayil, aka kawo janareta. Na yi kukan mangwarona a ɓoye, amma ranar da aka kunna fitilun ni ma sai da na saki baki.

Bikin farko da muka samu na wata yarinya ne da aka raina a wani ƙauye na Gwiwa, ta yi karatu mai zurfi, za ta auri wani ma'aikaci a Abuja. Masu shirya bikin daga Kano suka zo da tsarinsu da masu gadinsu, suka kafa sharaɗi: ba kati, ba shiga. Baba ya amince, don an ce masa haka ake yi yanzu. Ni kuma, da na gama kwaleji ina zaune a gida, aka ba ni kula da furanni da turaren wuta.

Bayan la'asar na fito zuba garwashi, sai na ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, siririya, fara, da shuɗin zane da mayafi wanda da gani an daɗe ana adana shi don irin wannan rana. Tana rungume da ƙwarya an rufe da faifai. Ƙamshin man shanun da ke ciki ya danne duk turaren da na kunna.

Mai gadin ya ce, "Iya, ina katinki?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ni ce kakar amarya."

Ya yi dariya. "Iya, tun azahar kakannin amarya nake kora. Wannan amarya da yawan kakanni take!"

Ta ja gefe ta zauna a kan kututturen mangwaro ɗaya da ya rage, ta ɗora ƙwaryar a cinya. Na je na durƙusa na gaishe ta.

"Sannu Inna, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ke ce mai gidan gilashin?"

"Na mahaifina ne."

"Allah ya sa albarka. Ki ce wa ƙawata amarya na iso. Tun tana tsumma uwarta ta rasu, a bayana ta girma. Ba abinci na zo ci ba, kanta kawai zan dafa in koma, kada motar garinmu ta tafi ta bar ni."

Na roƙi mai gadin, ya ce, "Hajiya ƙarama, ba ni na kafa dokar ba. In na bar ta, aikina ne zai tafi." Na nemi Baba, aka ce ya hau babur neman mai gyaran janareta. Sai dabara ta zo mini. Na dawo na ce, "Inna, taso mu bi ta ƙofar baya, inda ake shigar da abinci."

Ta dube ni, kallon da har yau nake gani. A hankali ta ce, "'Yar nan, ni da na goye ta a madadin uwarta, in shiga bikinta ta inda ake fitar da shara? A'a. Zan jira ta nan."

Na kutsa cikin ɗakin da gudu. Kiɗa kamar zai tsaga rufi, hayaƙi fari yana tashi daga ƙasa, amarya tana can kan dandamali an kewaye ta ana liƙi. Duk inda na nufa sai wani mai kyamara ya ɗaga hannu: "Malama, kin shiga hoto!" Na kama wata ƙawar amarya na yi mata ihu a kunne cewa kakar amarya tana waje. Ta gyaɗa kai tana rawa, ta ce, "To, bari a yanka kek." Ban sani ba ko ta ji ni. Ni kuwa Allah bai ba ni murya ba, ko a aji sai malami ya matso yake jin amsata. Na tsaya ina ɗaga hannu a cikin mutane kamar mai nitsewa a ruwa.

Da na fito rana ta yi ja a kan duwatsu. Kututturen ba kowa, sai ƙwaryar a ajiye, an ɗora ɗan dutse a kan faifan don kada iska ta ɗauke. Mai gadin, wanda yanzu dariya ta bar fuskarsa, ya ce, "Ta ce a ba amarya. Ta ce Allah ya ba da zaman lafiya."

Sai da aka tashi na samu na miƙa wa amaryar ƙwaryar a bakin mota. Tana ganin saƙar faifan ta ƙwalla ƙara, ta durƙushe da doguwar rigarta a ƙasa tana tambaya, "Ina take? Ina Innata?" Kwalliyar da aka wuni ana yi ta narke a kumatunta. Ta ce a kai ta Gwiwa, dangin ango suka ce hanya da nisa, ga jirgin safe yana jira a Kano, in an huta sai a zo. Haka aka sa ta a mota da ƙwaryar a ƙirji.

Baba da ya ji labarin bai ci tuwon ranar ba. Cikin makon ya sa aka kafa rumfa a gaban ginin, aka shimfiɗa tabarmi, ya dasa mangwaro. Ya kafa tasa dokar: ko wa ya kama ɗakin, sai dattijo ɗaya daga dangin amarya da ɗaya daga na ango sun zauna a bakin ƙofa, kuma ba a tambayar mai furfura kati. Wasu sun fasa kama wurin saboda haka, bai damu ba. Ni abin da na koya shi ne, wurin biki yana iya sauya rufi da fitila yadda zamani ya so, amma ƙofarsa sai an ba wanda ya san fuskokin mutane.

Na daɗe ina zargin dangin amaryar a raina, ina cewa kunyar tsohuwar ƙauye suka ji, suka ƙi aika mata kati. Sai bayan shekaru amaryar ta dawo bikin wata ƙanwarta da goyo a baya, ta gane ni, muka zauna a rumfar nan. Ta ce ba su sake ganawa da kakarta ba, tsohuwar ta rasu a daminar shekarar. Kuma katin farko da aka buga, ita aka kai wa. Da aka buɗe kwallar da take adana kayanta bayan rasuwa, a can ƙasa aka same shi, an naɗe cikin farin ƙyalle tare da awarwaron aurenta. A saninta goro da alewa ne gayyata. Takarda mai ruwan zinariya da sunan jikarta a jiki kuwa, ba abin da za a fita da shi cikin ƙurar mota ba ne.