Kayen Da Bai Gama Wasa Ba

Ko da Allah zai ja kwanana har haƙorana su zube, ba na jin zan manta da ranar da na ɗaga ƙato na maka da ƙasa a gaban ɗimbin jama'a, na miƙe ina kirari, ashe ban ci komai ba. Har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai, wani lokacin kuma in ji ƙwalla ta cika mini ido.

A lokacin ina da shekara ashirin da shida. Noman shinkafa nake yi a fadamar ƙauyenmu da ke gabas da Haɗeja, in ruwa ya ja kuma in shiga su. Da kaka ta yi, an kai amfani gida, sai kokawa. Shekara tara ina shiga fili, daga Kaugama har Kafin Hausa, gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba, kuma ba na ɓoye muku, kaina ya kumbura. A kokawarmu ta gargajiya, da zarar bayan mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Wanda ya yi kaye sai ya saki, ya miƙe, makaɗa su ɗauka. Ka bi wanda ya faɗi har ƙasa ka danne shi? Ai sai a ce ba ka sami tarbiyya ba.

Wata safiya muna gayyar yankan kacala, ciyawar nan da ke toshe mana hanyar ruwa, sai ga wani dattijo a kan babur yana tambayata. Tsohon malamin motsa jiki ne a wata sakandare, shi aka ba wa aikin haɗa 'yan wasan da za su wakilci jiharmu a gasar kokawar zamani ta ƙasa, wadda ake yi a kan katifa ana ƙirga maki. Na fito daga ruwa duk jikina taɓo. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai ne wanda aka ce ba ya faɗuwa?”

Na ce, “Haka mutane ke faɗa, Malam.”

Ya ce, “To zo in kai ka inda za ka faɗi.”

Wannan maganar ce ta ja ni. Daga baya na ji yadda aka yi. Wani babba a ofishin wasanni ya so a yi yadda aka saba, a aro gogaggun 'yan kokawa daga wasu jihohi, a sa musu rigarmu, su ciyo lamba a yi hoto. Malam ya ƙi. Ya ce ga ƙarti a fadama suna kayar da juna kowace kaka, a ba shi su. Gardama ta yi zafi har Malam ya yi alkawari a gaban mutane: in 'ya'yansa suka je suka dawo ba wanda ya ci ko wasa ɗaya, zai ajiye aikin, a ci gaba da aro har abada, ba zai ƙara cewa uffan ba.

Mu shida ya tara. Mako bakwai muka yi a wani ɗakin taro na makaranta, a kan tsofaffin katifu da aka ɗinke wuri guda. Ranar da aka kawo rigunan wasa, masu kama jiki kamar fatar ganga, wani Bafillatanin Birniwa da ke cikinmu ya ɗaga tasa da yatsa biyu ya ce, “Malam, wannan ta ƙanena ce ko? Ina tawa?” Aka ce mu cire layu da kambu, aka sa mana takalma, mu da muka saba jin yashi a tafin ƙafa. Amma abin da Malam ya fi nanata mana, har muryarsa ta dishe, shi ne: “In ka kayar, bi shi! In an kai ka ƙasa, kada ka saki jiki! Sai kun ji usur!” Mu ce to. A baki mun haddace, amma hali zanen dutse ne.

Yanzu da na girma, in na zauna na auna, ba na ganin babban jami'in nan na ofishin wasanni a matsayin mugu. Yana da gaskiyarsa. Ƙarfi kam muna da shi. Wanda ya yini yana jan taru ko ɗaukar buhun shanshera ba ya tsoron ƙirjin kowa. Ba mu san sunan kowane gwani ba, saboda haka ba wanda ya firgita mu. Amma mako bakwai ba ya zama shekara bakwai. Kai sabon hannu irin wannan wuri caca ce da mutuncin jiha, da kuma lafiyar yaran mutane.

Haka kuwa aka yi. Muka yi kwana guda a mota zuwa wani babban birni a kudu. Washegari tun da hantsi aka fara tsintar mu ɗaya bayan ɗaya. Na farko aka cafko ƙafarsa, abin da bai saba ba, aka yi ta mirgina shi har maki ya cika. Bafillatanin Birniwa ya yi minti biyu yana wahalar da abokin karawarsa, amma gwiwarsa na taɓa katifa sai ya saki jiki kamar an zare masa laka, aka kwantar da shi cikin ruwan sanyi. Wani yaron Kaugama ya tokare da hannu wajen faɗuwa, kafaɗarsa ta goce, ina jin ƙararsa har yanzu. Kafin azahar biyar sun fita. Babban jami'in yana zaune a sama cikin 'yan kallo, hularsa kawai yake gyarawa. Saura ni.

Malam ya ɗaure mini igiyar takalmi da hannunsa. Bai tuna mini alkawarinsa ba, ni ma ban ɗago maganar ba.

Abokin karawata wani gajere ne mai kauri, kunnuwansa duk sun murɗe saboda daɗewa a katifa. Aka busa usur. Ya sunkuyo yana neman ƙafata, ni kuwa na samu ƙugunsa. Da na ji hannuna ya haɗu a bayansa, wallahi mantawa na yi da inda nake. Na ɗaga shi cak, na juya, na maka shi da katifa, ji kake tim! Ɗakin wasan ya ɗauki ihu.

Sai na saki. Na miƙe, na juya masa baya, na ɗaga hannu biyu sama, na buɗe murya: “Sai ni na bakin kogi! Gwiwa ba ta san ƙasa ba!” Har wani ɗan taku na yi, ina neman makaɗa da ido. Abin da na hango shi ne Malam, ya ɗora hannu biyu a ka, bakinsa a buɗe.

Ban gama fahimtar fuskarsa ba na ji an kwashe ƙafafuna ta baya. Na zo ƙasa rub da ciki. Mutumin ya ɗaure cikina da hannuwansa ya mirgina ni sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kamar ana naɗe tabarma. Ihun da ake yi ya koma dariya. Allah Ya taimake ni lokacin hutun rabi ya yi kafin ya ƙarasa ni. Allo ya nuna yana da takwas, ina da huɗu.

Na koma gefe na zauna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara tara, yau ga gwiwata da cikina da fuskata duk sun sha ƙasa, a gaban baƙi. Na sunkuya na fara kwance igiyar takalmi.

Malam ya ce, “Me kake yi?”

Na ce, “Na faɗi, Malam. A yi haƙuri.”

Ya riƙe haɓata ya ɗago fuskata. “Wa ya ce ka faɗi? Ka ji alƙali ya ce ka faɗi? Shi da ka maka da ƙasa, ka ga ya tafi gida? Ya tashi ya rama. Kai ɗan wa ne da ba za ka tashi ba?” Sai ya sassauta murya ya ce, “Ɗana, ba don aikina ba. Ka ga yaran can biyar? In ka cire takalmin nan, ba za a ƙara zuwa fadama neman kowa ba.”

Na waiwaya. Suna tsaye a bakin katifa, har da mai kafaɗar, hannunsa rataye a wuya. Bafillatanin ya daka mini tsawa: “Kai masunci! Kifi ma in an jefa shi tudu sai ya yi tsalle!”

Na ɗaure takalmina.

Da aka dawo, mutumin ya riga ya raina ni, kuma yana da hujja. Ya sake shiga ƙafata, ya kai ni ƙasa. Goma da huɗu. Jikina duk ya ce mini an gama, saki kawai. Na cije. Na baje ƙafafu da hannuwa na manne da katifa, ya ja, ya ja, ya kasa juya ni, har alƙali ya tashe mu tsaye. A nan na ji numfashinsa ya fara sama-sama. Ni kuwa da na saba yini cikin ruwa da lauje, yanzu ma jikina ya yi zafi.

Saura ƙasa da minti ɗaya ya sake sunkuyowa, amma a gajiye. Na samu ƙugun nan. Na ɗaga shi, na maka. Wallahi sai da ƙafafuna suka fara miƙewa da kansu, sai na ji muryar Malam ta tsaga ɗakin: “Bi shi!” Na faɗa kansa da ƙirjina gaba ɗaya, na danne kafaɗunsa biyu, ina cewa a raina, Allah Ka yafe mini rashin kunyar nan. Alƙali ya kwanta ya leƙa, ya daki katifa da tafin hannu, ya busa usur.

Ban tashi ba. Sai da alƙalin ya dafa bayana yana dariya, na ɗago na tambayi Malam da ƙarfi, “Yanzu an gama?” Dattijon nan zaune yake a ƙasa dirshan, yana share ido da hularsa.

Na ci wasa na biyu a ranar, na uku wani gwani ya koya mini hankali, washegari na samu lambar tagulla. Ita kaɗai muka kawo gida, amma Malam bai ajiye aiki ba, kuma da shekara ta zagayo mu goma sha ɗaya muka tafi, duk 'yan gida. Babban jami'in da kansa ya zo tasha raka mu.

Ni dai abin da na koya a minti shidan wasan farkon nan ya fi lambar. Wanda bai taɓa faɗuwa ba bai san ko shi jarumi ba ne, ƙarfi kawai ya sani. Da ambaliya ta cinye mini shinkafa shekara biyu a jere, mutane suna zuwa jaje kamar an yi mutuwa, na ce musu gwiwa ce ta taɓa ƙasa, ba a busa usur ba. Ruwa na ja na sake yin iri.