Kekuna Biyu a Zaurena

Shekara talatin da wani abu na yi ina ɗinki a Bici, a wani ɗan shago mai kallon titin Katsina. Ƙafa a kan feda, ido a kan allura. Duk abin da na sani na duniya ta bakin ƙofar nan ya wuce: motocin hatsi masu zuwa Dawanau, ɗaliban kwaleji da littattafansu, shanu ranar kasuwa.

Wata damina sai wasu mutane suka fara wucewa duk safiyar Asabar. Su biyar ne ko shida, daga Kano, a kan kekuna masu siraran tayoyi, kawunansu a sunkuye, kowa da wata hula kamar rabin ƙwarya. Ba ka jin komai sai wani siririn sauti, kamar zare yana warwarewa daga kwarkwaro. Kafin ka ɗaga kai sun ɓace. Ba kasuwa za su ba, ba biki ba, ba gaisuwar mutuwa ba. Tafiya kawai suke yi don daɗinta. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Idan na kishingiɗa bayan azahar sai in ga kaina a cikinsu, titi yana zuwa yana shigewa ƙarƙashina, gonaki suna juyawa a hankali dama da hagu.

Akwai wani Alhaji da nake yi wa ɗinki tun yana saurayi. Iyayensa daga Barno suka zo, amma shi a nan aka haife shi. Wake yake saye da sayarwa a Dawanau, sai dai a bayan gidansa yana da rumfa cike da kekunan gwanjo, yana gyarawa da hannunsa yana sayarwa, don sha'awa. Ranar da ya zo karɓar wasu riguna na gaya masa abin da ke damuna, ina ɗan jin kunya.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ina za ka riƙa zuwa da shi?"

Na ce, "Ba ko'ina, Alhaji."

Ya ce, "To wannan tafiyar ita ce mai wuyar zaɓar wa keke."

Washegari ya turo mini guda biyu har gida. Ɗaya ja ne, irin na mutanen Asabar, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ba shi da nauyi ko kaɗan, da yatsa biyu na ɗaga shi. Ɗayan ruwan toka, kansa a miƙe, tayoyinsa da ɗan kauri, yana da giyar sauya gudu kamar jan, yana kuma da kariya ta ɗora kaya a baya. Alhaji ya ce shi wannan ruwa-biyu ne, bai kai na tsere gudu ba, bai kai tsohon keken manoma nauyi ba. Ya ce in hau kowanne mako guda, wanda ya zauna mini in riƙe, in mayar masa da ɗayan.

Na jingine su a zaure. Matata ta fito ta dube su, ta taɓa sirdin jan ta ce, "Malam, a kan wannan za a zauna? Ai ko faɗin cokali bai yi ba."

Jan na fara ɗauka, ba sai an tambaya ba. Da gari ya waye na tattare rigata na cusa a wando, na hau titi na nufi arewa. Da farko ya yi ta rawa a hannuna. Da na wuce gidaje sai ya nutsu, ni ma na nutsu. Akwai wani gangare mai tsawo bayan gari, a nan na daina taka feda. Iska ta cika mini kunne, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mini hanci, na ji kamar an sauke mini shekarun da na yi a zaune. Ban san ina da wannan sauƙin a jikina ba.

Kwana uku ina haka. A rana ta huɗu ƙanin mahaifiyata ya zo shago, ya zauna a benci. Can ya ce, "Jiya na yi maka sallama sau biyu a bakin gonata. Ko mun yi wani laifi ne?"

Na ce, "Wallahi Kawu ban gan ka ba. Keken ne, sai mutum ya sunkuya."

Ya ce, "To. Na ɗauka idon ne ya fara."

A ƙasarmu ba ka tafiyar minti biyar ba ka wuce wani da ya san ubanka ba. Gida na bin gona, gona na bin gida. Ni kuwa a kan jan keken nan abin da nake gani shi ne kwalta da tayar gaba, sai madubin manyan motoci da ke wucewa dab da kafaɗata.

Don haka ranar Juma'a da safe na sauka daga titi na shiga wani burtali. Ban yi nisa ba yashi ya riƙe tayar, na sauka na tura, na sake hawa, sai na ji iska tana fita. Ƙaya ce. Babu mai faci a kusa, na saɓa keken a kafaɗa na kama hanya a ƙasa.

Wannan tafiyar ban manta da ita ba. Gero ya fi ni tsawo, ya rufe hanyar dama da hagu, raɓa tana zubo mini a wuya. Wake ya yaɗu a ƙarƙashinsa yana fure. Ta wani wuri sai geron ya buɗe, in ga gida uku da rumbunansu a gindin kuka, hayaƙi yana tashi a miƙe, wata mata tana daka, sautin yana zuwa mini bayan taɓaryar ta riga ta sauka. Sai geron ya sake rufewa kamar ban ga komai ba. Duk wannan bai fi tafiyar awa ɗaya daga shagona ba, amma rabona da shi tun ina bin mahaifina gona.

Mako na biyu na ɗauki ruwan tokan, raina bai so ba. A kan titi ya zama kamar jaki bayan doki. Amma ina zaune a miƙe, ina ganin fuskar mutane tun daga nesa, hannuna ɗaya yana sama yana amsa gaisuwa. Yashi ba ya riƙe shi sosai. Na bi burtalin da ya ƙi jan, na bi wani, na ɓata, na ɓullo bayan wata makarantar firamare da ban san da ita ba. Wani manomi ya tsayar da ni ya ba ni gyaɗa ɗanya, muka zauna muna ɓarewa, bai tambaye ni inda za ni ba.

Duk da haka idan na dawo, jan nake fara kallo a zaure.

Ana saura kwana biyu, na ba matata labarin gonakin shinkafa da na gani ta wajen madatsar ruwa ta Watari, da ruwan da ke bin magudana a hankali. Tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni tunda aka kawo ni gidan nan nake jin ana Watari, Watari. Ban taɓa ganin ruwan ba."

Na ce, "Za ki iya zaman kariya?"

Ta ce, "Kai dai za ka iya tuƙin?"

Na naɗe wani tsohon bargo na ɗinke shi ya zama matashi, na ɗaure a baya. Muka fita da sassafe, ta zauna a karkace, ta tattare mayafinta, hannunta ɗaya a kafaɗata. Sau huɗu muna tsayawa ina mayar da numfashi, inda akwai hawa kuma ta sauka mu taka tare. Ba mu kai madatsar kanta ba, ƙafafuna suka ƙi. Amma mun kai inda shinkafa ta fara, kore shar har iyakar gani, balbelu suna tsaye a ciki kamar an shanya fararen huluna. Ta cire takalmi ta sa ƙafa a magudanar. Ta daɗe tana kallon ruwan yana wuce idon sawunta. Ta ce, "Ashe sanyi gare shi haka." Muka ci ƙosan da ta ƙullo, rana ta ɗaga, muka juyo.

Ranar da wa'adi ya cika na sa aka yi wa jan faci. Gidan Alhaji yana cikin gari, amma sai da na fita bayan gari na hau gangaren nan sau ɗaya, na sake shi, na rufe baki don kada iska ta shiga. Sannan na juyo na kai masa.

Ya karɓa, ya juya tayar gaba da yatsa, yana kallona. Ya ce, "Ka tabbata? Fuskarka ba ta mai mayar da kaya ba ce."

Na ce, "Wancan nake buƙata, Alhaji. Wannan kuma so nake yi."

Ya rataye shi a ƙusa can cikin rumfar, ya ce ba zai yi saurin sayar da shi ba. Bayan wata biyu wani malamin kwaleji ya saya. Ranar da na mayar da shi na tako gida a ƙasa, ta cikin kasuwa, na tsaya na sayi ƙararrawa da famfo, da igiyar roba ta ɗaure kaya.