Wa Zai Taka Ƙafa Bayan Inna Mai Kwaɓi?

Kullum kafin injiniyoyi su iso masana'antar ƙafar roba, Inna Mai Kwaɓi ta riga ta ɗaura takunkumi ta buɗe gwangwanin baƙin gari. Garin kabon ne, zarurruka ƙanana da ido ba ya rarrabewa. Ana kwaɓa shi cikin ruwan roba, a zuba ƙafar roba mai ƙwari wadda talaka zai iya saya. Shekara goma sha bakwai tana wannan aiki a ɗakin da babu taga, sai fanka mai zuƙe ƙura.

Garin nan makiri ne. In bai watsu sosai ba sai ya dunƙule, ƙafa ta fito sumul alhali akwai inda za ta karye a ciki. Shi ya sa Inna take kafa kowace ƙafa a ƙasa, ta dafa bango, ta hau da duk nauyinta, ta yi tsalle sau uku.

Bara manaja ya ce a rage kwaɓi daga awa shida zuwa biyu. Masu goge ƙafafun suna wurin. Ta kwaɓa yadda ya ce, aka zuba ƙafa, ta kira shi, ta hau. Ƙafar ta dare, tsininta ya tsaga mata ƙwauri.

"Haba Inna, ai ke ko ƙarfe kika hau sai ya yi kuka," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ni ina da bango, ina da ƙafa biyu. Wanda za ka sayar wa fa? A tsakiyar titi zai gane, jikarsa a hannu."

Aka koma awa shida.

Yanzu tari ya kama ta, likita ya hana ta ɗakin ƙura. Ƙarshen wata za ta ajiye aiki. Masu gadonta suna da takardu, amma an ji ɗayansu yana cewa tsallen nan ƙauyanci ne. Ita ma ta ji. Tun daga ranar hankalinta bai kwanta ba, kuma tana da gaskiya.

Ke ce kika tsaya tsakanin gaggawa da faɗuwar bayin Allah, Inna. Ɗaruruwa suna tafiya a kan kwaɓinki ba su san fuskarki ba. An gode. Allah ya ba ki lafiya.

Ku kuma masu takardu, ku ji tsoron Allah. Ranar da kuka ji kunyar hawa ƙafa, wani ne zai gwada muku ita a kan matakala, kuma alhakinsa a wuyanku yake.